Rawar Inji da Lambobin Ciwo: Jan Kunne ga Masu A-kori-kura da Dillalan Mota

 Yau za mu ɗan jingine farashin hatsi da na dabbobi gefe guda, mu yi magana a kan motar da take kai su kasuwa, watau a-kori-kura. Kowa ya sani ranar kasuwa ba ta jiran kowa. Wanda ya yi lodin tumatir a Kwanar Gafan da asuba, mota ta mace masa a hanya, kafin la'asar kwandon da ya saya da tsada ya fara zubar da ruwa. Wanda ya nufi Maigatari ran Alhamis, ko Wudil ran Juma'a, in ya isa bayan an watse, to, sai wani mako kuma. Galibi kuwa mota ba ta macewa haka kawai ba sallama. Takan daɗe tana ba da alama, alama ta fari kuma ita ce rawar inji a lokacin da take tsaye, tare da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ke kamawa a gaban direba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ban da asarar kaya, akwai asarar mai. Injin da ke rawa ba ya ƙone mansa yadda ya kamata, wani sashe yana fita ta salansa a banza. A da can, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, mutum yana iya kau da kai. Amma tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta yi tsalle zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ta ci gaba da hawa, duk digon da ya zube daga ribar mai kaya ya fita, ko daga aljihun mai mota.

Mece ce rawar inji?

In ka ta da mota ta yi zafi, ka ɗauke ƙafa daga totur, giya tana firi, to, wannan shi ne abin da direbobi ke kira silo. Lafiyayyen inji a silo yakan juya kamar sau 600 zuwa 800 a minti guda, allurar da ke nuna juyin inji kuma takan tsaya wuri ɗaya cak. Da sassafe, musamman da hunturu, yakan ɗan haura haka har ya yi ɗumi, sa'an nan ya sauko. Wannan ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne ka ga allura tana hawa tana sauka, sitiyari da sandar giya suna karkarwa, salansa tana tari jifa-jifa, ko kuwa inji ya mutu da zarar ka taka birki a shataletale ko ka kunna esi.

Injin fetur abu huɗu yake bukata, ba na biyar: iska, da mai, da tartsatsin wuta a daidai lokacinsa, da matsi a cikin silinda. Iska da mai ma sai an gauraya su bisa ƙa'ida, watau kimanin awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Duk rawar da za ka gani, in dai daga cikin inji take, to, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya tauye. Abin da ya sa a silo aka fi jin ta kuwa, saboda a lokacin iskar da ke shiga kaɗan ce, man ma kaɗan ne, don haka ɗan kuskure ƙanƙane yakan fito fili. In an taka totur sai ya ɓuya.

Motar da da motar yanzu

Dattawan tasha sun san zamanin Peugeot 404 da 504 a-kori-kura, da tsohuwar Hilux mai kafireto. Waɗannan in sun yi rawa, bakanike ya kasa kunne, ya wanke kafireto, ya gyara kwantak, ya murɗa ɗan kusan silo da sukundireba, shi ke nan mota ta daidaita. Motar yanzu ba ta da wannan kusa. Akwai kwamfuta a cikinta, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota, ita ce ke auna man da kowace nozul za ta fesa, da lokacin da kowane fulogi zai ba da wuta. Ita kuwa ba ta da ido, da rahoto take aiki. Akwai 'yan na'urori da ake kira sansa, an dasa su wuri-wuri: wannan yana auna iskar da ta shiga, wancan zafin ruwan inji, wani juyin inji, wani kuma yana shinshina hayaƙin salansa. In rahoton ɗayansu ya kauce wa ƙa'ida, sai ƙwaƙwalwa ta rubuta wata lamba ta ajiye, ta kunna 'yar fitilar nan mai siffar inji.

Wannan tsari ana kiransa OBD-II. A Amurka doka ta wajabta shi a kan ƙananan motoci da a-kori-kura tun daga ƙirar 1996. A Turai an wajabta irinsa a kan motocin fetur daga 2001, na gas kuma daga 2004. Saboda haka motocin da ake sauke mana ta Ikko da Kwatano, irin su Tacoma da Ford Ranger da Nissan Frontier na Amurka, duk suna ɗauke da shi. Bakinsa yana ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, soket ne mai ramuka 16. Nan ake cusa na'urar dubawa, abin da mutane ke cewa an sa wa mota kwamfuta. Yanzu har akwai ƙarama mai araha da ke haɗuwa da wayar hannu. Sai dai a lura, wasu Hilux ɗin da aka ƙera don kasuwannin Afirka da ƙasashen Larabawa ba sa sakin baki sosai ga ƙaramar na'ura, sai babba wadda ta san yaren Toyota.

Fitilar kanta iri biyu take magana. In ta kama ta tsaya, mota tana iya kai ka gida, amma kada mako ya zagayo ba ka kai ta gareji ba. In kuwa tana ƙiftawa, to, wata silinda tana fashin wuta sosai, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa, yana ƙona tukunyar tace hayaƙi wadda kanikawa ke kira indomi. A nan sai ka sassauta gudu, ka nemi wuri ka tsaya. Indomi tsada gare ta, domin akwai ƙarafa masu daraja a cikinta, irin su filatinam da faladiyam.

Yadda ake karanta lamba

Kowace lamba harafin boko ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na inji da giya ne. B na jikin mota, kamar jakar iska da esi. C na ƙafafu, kamar birki da sitiyari. U kuma na wayoyin da ƙwaƙwalen mota ke magana da juna ta cikinsu. Alƙalamin farko in sifili ne, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace irin mota. In 1 ne, to, ta kamfanin ce kawai, P1 ta Toyota dabam, ta Ford dabam, kada a fassara wannan da littafin wancan.

Ga waɗanda aka fi gamuwa da su a kan rawar inji. P0300, fashin wuta ne barkatai, ba a silinda ɗaya ba. P0301 zuwa P0304, fashin wuta a silinda ta 1 zuwa ta 4, alƙalamin ƙarshe shi ne lambar silindar. P0171, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. P0172, mai ya yi yawa. P0100 zuwa P0103, sansan auna iska. P0505 zuwa P0507, tsarin riƙe silo. P0115 zuwa P0118, sansan zafin ruwa. P0335 da P0340, sansan juyin inji. P0401, bawul mai mayar da hayaƙi cikin inji ba ya wucewa yadda ya kamata. P0420, indomi ta gaji, ko kuma an cire ta.

To, a nan ne kuɗin mutane ke salwanta, don haka a kasa kunne da kyau. Lamba ba ta cewa a sayi kaza. Abin da take cewa shi ne, ga inda na ji ciwo. Alal misali, P0171 sansan salansa ne ya kawo rahotonta, amma sau da yawa shi lafiyarsa lau, gaskiya ya faɗa, wata 'yar tiyo ce ta tsage tana shigar da iska. Wanda ya ruga Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo sabon sansa, ya kori mai kawo labari ne ya bar ɓarawo a cikin gida. Bayan kwana biyu fitila za ta dawo.

Abu na biyu, kada ka yarda a goge lamba kafin a rubuta ta a takarda. Tare da lambar, ƙwaƙwalwa takan ajiye bayanin halin da inji yake ciki a daidai lokacin da ciwon ya faru: zafinsa nawa, juyinsa nawa, gudun mota nawa. Ciwon da ke zuwa da sanyin safiya a tsaye dabam yake da wanda ke zuwa a kan hawa da lodi. In an goge, wannan shaida ta tafi. Goge lamba kuma ba gyara ba ne, rufe bakin mara lafiya ne.

Fashin wuta

Mu ɗauki Hilux mai injin 2TR-FE, watau na fetur mai lita 2.7 da silinda huɗu, wanda ya cika tashoshinmu. Kowace silinda tana da fuloginta da koyil ɗinta a bisa kai, silinda ta 1 kuma ita ce ta gaba, wajen fanka. A ce na'ura ta nuna P0302. Bakanike mai hankali ba zai ce a sayo komai ba tukuna. Zai cire koyil ta 2 ya musanya ta da ta 3, ya goge lamba bayan ya rubuta, a ta da mota a ɗan zagaya. In lamba ta koma P0303, ciwon ya bi koyil, an kama mai laifi, koyil ɗaya za a saya. In ta tsaya a P0302, sai a musanya fulogi haka nan. In har yanzu ba ta motsa ba, saura nozul da wayarta, ko matsin silindar. Wannan gwaji ko kwabo ba ya ci, sai ladan aiki.

Fulogi ma in an cire shi yana ba da labari. Bakinsa in ruwan ƙasa-ƙasa ne ko ruwan toka, lafiya. In baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai yana hawowa, watau zoben fistin ko robar bawul sun gaji. In fari ne fat, mai ya yi kaɗan, inji yana zafi. In kuwa guda ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi, sauran suna da datti, a duba ruwan lagireto, wataƙila gasket ya ƙone ruwa yana shiga silindar. A leƙa ramin fulogin kuma. Sau da yawa baƙin mai ne ya zubo daga murfin inji ya cika shi, ko ruwa ya kwanta a ciki bayan an kai mota wanki an fesa wa inji ruwa da ƙarfi.

In an ce za a sauke inji, ka ce a auna matsi tukuna. Akwai ma'aunin da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Silindu huɗun ya kamata su yi kusa da juna. In ɗaya ta faɗi ƙasa da 'yan'uwanta da nisa, sai a ɗiga ɗan baƙin mai a ciki a sake aunawa: in matsi ya tashi, zobe ne, in bai tashi ba, bawul ne ko gasket. Buɗe inji shi ne aiki mafi tsada a gareji, bai kamata a shiga shi da ka ba.

Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan

P0171 ita ce lambar da ta fi wahalar da mutane, domin hanyoyinta da yawa. Amma na'ura tana da wani shafi da ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwa take ƙarawa ko ragewa don ta daidaita gauraye, a lissafin kashi cikin ɗari. Lafiyayyar mota tana kusa da sifili, kanikawa kuma sukan fara zargi in ya wuce 10. Ka sa a duba shi a silo, sa'an nan a taka totur zuwa juyi 2,500 a sake dubawa. In ƙarin yana da yawa a silo, amma ya sauko da aka taka, to, iska ce ke satar hanya. In kuwa a silo da dama-dama, amma ya ƙaru da aka taka, to, mai ne ba ya isowa, ko sansan iska yana rage mudu.

Iska mai satar hanya takan shiga ta babbar robar da ke tsakanin filtar iska da inji, wadda zafin ƙasarmu ke busarwa ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, ko ta tiyon da ke zuwa tukunyar birki, ko ƙananan tiyoyin bisa inji. Wani lokaci in ka kasa kunne za ka ji tana huci. Wasu sukan fesa fetur a wurin don su ji ko inji zai canja murya. Kada ka bari a yi maka haka a kan inji mai zafi, gobara ba ta da wuyar tashi. Ruwan sabulu ya wadatar, gareji mai kayan aiki kuwa da hayaƙi yake gwadawa.

Sansan iska yana bayan filta, wata 'yar waya ce siririya kamar gashi. Motar da ke bin hanyar burji zuwa kasuwannin ƙauye, ga ƙurar hunturu, ba ta daɗewa wannan waya ta yi datti, balle in filtar ta huje ko an saya mai araha wadda ba ta zauna daidai ba. Akwai maganin feshi na musamman da ake wanke ta da shi. Ba a taɓa ta da hannu ko tsinke, ba a kuma wanke ta da fetur. Filta kuwa, in an gaji da kaɗe ta, a saya sabuwa. Araha ba ta ado.

Ta wajen mai, a duba filtar mai, da ƙarfin famfon da ke cikin tanki, da nozul. A kuma tambayi direba inda ya sha mai na ƙarshe. In rawa ta fara ne jim kaɗan bayan an sha a galan wurin 'yan bumburutu, kada a wahalar da inji, a zuƙo man a kwalba a duba, ruwa yakan kwanta a ƙasa. Ko gidan mai ma ba a rantse masa ba. A watan Fabrairu na 2022 hukumar kula da harkar mai ta tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci da yawa suka lalace a lokacin.

Har wa yau akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu, watau cire bawul ɗin da ke tsare ruwan inji har ya yi zafi, wai don ƙasarmu da zafi. Motar yanzu in an yi mata haka, inji yakan daɗe bai kai zafinsa ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai. Sakamako shi ne shan mai, da baƙin fulogi, da lambar P0128 ko P0125. In mota tana zafi, a wanke lagireto, a duba fanka da famfon ruwa.

Maƙogwaron totur da batir

Inda iska ke shiga inji akwai wani faifai da ke buɗewa in an taka totur. Baƙin datti yakan taru a gefensa ya toshe 'yar hanyar da iskar silo ke bi, sai mota ta riƙa mutuwa a tsaye. Wankewa ce maganinsa. A sababbin motoci lantarki ne ke juya faifan, don haka ba a banƙare shi da ƙarfi. Bayan wanki, ko bayan an cire kan batir, silo yakan ɗan rikice har ƙwaƙwalwa ta sake koyo, a ba ta lokaci kafin a ce gyara bai yi ba. Batir kansa a auna shi: cikakke yana wajen bolt 12.6 in mota tana kashe, in tana aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Batir mai rauni, ko kan batir da ya yi gishiri, yakan sa ƙwaƙwalwa ta zubo lambobi bakwai ko takwas da ba su da alaƙa da juna. In ka ga haka, daga batir da wayar da ke ɗaure a jikin mota za a fara.

Akwai kuma rawar da ba ta da lamba sam. In allura tana tsaye cak, salansa tana fitar da sauti daidai, amma jikin mota yana karkarwa, a duba kujerun inji, robarsu ce ta mutu. Inji lafiya lau, mazauninsa ne ya lalace.

Masu shan gas

Injin gas ba shi da tartsatsi, matsi ne ke kunna mai. Saboda haka rawarsa galibi daga mai take: ruwa a cikin gas, ko iska a cikin bututu, ko filta ta toshe, ko nozul ta gaji. A ƙarƙashin filtar gas akwai wurin da ruwa ke taruwa, da 'yar fitilarsa a gaban direba. In ta kama, a kwance a zubar da ruwan nan take. Gas ɗin da aka gauraya da kananzir kuwa yana cinye famfo da nozul, domin ba shi da santsin da suke bukata.

Hilux mai 2KD-FTV da 1KD-FTV, da na bayansu masu 2GD da 1GD da suka fito daga 2015, duk suna tara gas a bututu guda mai matsi ƙwarai, wanda ya ninka iskar taya fiye da sau ɗari. Tsohuwar dabarar nan ta sassauta bututun nozul inji yana aiki don a gane wadda ta mutu, ba a yin ta a kan waɗannan. Gas ɗin yana iya huda fatar hannu. Na'ura ce ke nuna yadda kowace nozul take aiki. P0087 tana nufin matsi ya yi ƙasa, a fara da filta, sa'an nan ɗan bawul ɗin da ke jikin famfo, kafin a yi maganar famfo gaba ɗaya. In an sa sabuwar nozul kuma, akwai lamba a rubuce a kanta wadda tilas a shigar wa ƙwaƙwalwa, in ba haka ba rawa ba za ta daina ba. Hayaƙi ma shaida ne: baƙi, mai ya fi iska, shuɗi, baƙin mai ke ƙonewa, fari bayan inji ya yi zafi, gas ne bai ƙone ba, ko ruwa ke shiga.

Masu tsohuwar Toyota mai nozul wadda ba ta da soket mai rami 16, ku ma ba a bar ku a baya ba. Akwai ɗan akwati a ɗakin inji, in an haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, aka murɗa makulli ba a ta da inji ba, fitila za ta riƙa ƙiftawa, sai a ƙirga. Ƙiftawa biyu, ɗan shiru, sa'an nan biyar, 25 ke nan, watau mai ya yi kaɗan. 22 sansan zafin ruwa, 21 sansan salansa.

Ga dillalai da masu saye

Yanzu sai maganarku, ku da kuke tsakanin mai sayarwa da mai saye. Dillali ba shi da jari sai sunansa. In ka haɗa Alhaji da motar da fitilarta ta kama kwana uku bayan an biya, la'adar da ka karɓa ba za ta sayo maka amincin da ya tafi ba, wataƙila ma a tashe ka tsaye a mayar da ciniki. Don haka kafin a yi sallama, ga abin da za ka yi.

Ka je wa mota da safe, ka taɓa inji da hannunka ka tabbata da sanyi. Mai wayo yakan ɗumama ta kafin ka iso, domin ciwo da yawa da sanyi yake bayyana. Ka murɗa makulli ba ka tayar ba. Lalle fitilar inji ta kama tare da sauran, ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Sa'an nan a sa na'ura, kada kuma ka tsaya a kan cewa babu lamba. Ƙwaƙwalwa tana da wasu gwaje-gwaje da take yi wa kanta a kan hanya, in an goge lambobi ko an cire batir duk sukan koma ba a kammala ba, sai an yi tafiya cikin gari da babbar hanya, wani lokaci har kwanaki, kafin su cika. Motoci da yawa ma suna nuna kilomita nawa aka yi tun da aka goge. In ka ga kilomita 5, ka san jiya aka share fage saboda zuwanka. Ka sa a duba lambobi masu jiran gado kuma, domin ciwo da yawa sai ƙwaƙwalwa ta gan shi a tafiya biyu kafin ta kunna fitila. Motocin Amurka daga ƙirar 2010 suna da wasu lambobi da na'ura ba ta iya gogewa, sai an yi gyara na gaskiya su tafi da kansu.

Daga nan a hau hanya, tafiya ta sosai, da esi a kunne, in da hali da ɗan lodi a baya. A dawo a sake sa na'ura. A leƙa ƙarƙashi a ga ko indomi tana nan ko an yanke an yi walda. Abin da aka samu a gaya wa mai saye, a rage a kuɗi. Koyil ɗaya ko tiyo ba abin fasa ciniki ba ne. Silinda mara matsi kuwa magana ce babba, farashi dabam. Cinikin biri a sama ba na ɗan kasuwa ba ne.

Kai kuma mai mota, tsarin kashe kuɗi shi ne daga mai sauƙi zuwa mai tsada. A rubuta lamba. A duba batir da filta da tiyo da fulogi. A yi gwajin musanya. A auna mai da matsi. Sai an tabbatar kana a sayi kaya, a sa ɗaya a gwada kafin a sa na biyu, tsohon da aka cire kuma a ba ka abinka. Kayan Beljiyam a gwada su a kan mota kafin a biya. Ka ajiye ɗan littafi a aljihun mota, direba ya riƙa rubuta ranar juye, da ranar canjin filta, da lambar da ta taɓa fitowa. Ran da za ka sayar, wannan littafi zai ƙara mata daraja. Gyaran da za a yi kuwa a yi shi ranar da ba kasuwa, tun kafin kaka ta kama lodi ya yi yawa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba da kasuwa, ya kiyaye hanya. Haza wasalam.